Injin 'Yan Tsanan Gwaggo Zali

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ta goman ƙarshe na azumi ba, ko da mutanen Gaya za su yi mini alfarma su manta, abin da na riga na fid da rai da shi. Shekaru sun ɗan ja, amma in na tuna, har yanzu sai in ji tafin hannuna ya jiƙe.

A lokacin na dawo gida daga Yamai da diplom ɗina a jaka. Na karanci abin da ake kira otomatizim, wato ilimin sa inji ya yi aiki da kansa ba sai an tsaya a kansa ba. A gidanmu ba wanda ya iya faɗin kalmar, sai suka huta da kirana Injiniya, ni kuma ban hana ba. Wata goma sha ɗaya ina zaune. Duk aikin da diplom ɗin ya samo mini shi ne gyaran fankar maƙwabta da sauya ƙwan fitila, ladana kuma "Allah Ya yi albarka". Babana, wanda ya sha gorin abokai a kan tura ɗiya mace karatun wayoyi da ƙarafa, ya daina tambayata ko an kira ni. Shirun nasa ya fi tambayar ciwo.

Don kada zaman gida ya haukata ni, sai na riƙa zuwa shagon Gwaggo Zali, yayar babana. Maɗinkiya ce, shagonta na kan hanyar da ke gangarawa gada. Duk shekara kayan mata take ɗinkawa, tana tara ƙyallayen da suka rage a buhu. In azumi ya kama, sai ƙyallayen nan su zama 'yan tsana na sallah: masu ɗankwali, masu goyo, har da amare masu sarƙar duwatsu. Yara na saye da kuɗin barka da sallah, mata 'yan kasuwa kuma na cika kwanduna su tsallaka da su Malanbil. Ɗinkin ba ya ba ta wuya. Abin da ke cin lokaci shi ne cusa audugar rimi a cikin kowace, da ɗan tsinke, kaɗan kaɗan, har ta yi ƙiba. Buhun audugar daga Tanda ake kawo mata, kuma abu ne marar nauyi, ko numfashi ka yi kusa da shi sai ya tashi.

Wata rana ina kallonta tana fama da tsinke, na ce, "Gwaggo, a Turai fa ba wanda ke yin wannan da hannu." (Ni da iyakacin tafiyata Yamai.)

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "To Turawan 'yan tsana nawa suka sayar a Gaya bara?"

Ana cikin haka na ji makarantar koyon sana'a ta garinmu na neman malamin lantarki, don tsohon da ke riƙe da ajin, Mushe Hamani (haka muke kiran malamin boko, Mushe), zai ajiye aiki. Na saka hijabina mafi kyau na kai takarduna. Shugabar makarantar, Madam Ramatu, mace ce mai tabarau wadda ba ta ɓarnar magana. Ta juya diplom ɗina gaba da baya, ta ce takardu kam kowa na da su, ita abin da hannu ya ƙera take son gani.

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ai ina da inji, Madam. Mai cusa auduga a 'yan tsana, shi kaɗai, ba hannun mutum."

Injin nan a kaina kawai yake, kuma ko a kan nawa bai wuce minti ɗaya da haihuwa ba. Ta ce madalla, za ta zo ta gani bayan mako uku, ranar Talata da ƙarfe sha ɗaya, tare da Mushe Hamani.

Zan yi wa kaina adalci a nan, tun da ba wanda zai yi mini: na ƙera injin, kuma ya yi aiki. Na karɓi dogon teburin da Gwaggo ke yanka yadi a kai. Na samo tsohuwar robar tayar kamiyo, babbar motar kaya, wajen masu faci, aka yanka mini ita ta zama bel mai tafiya a kan tebur. Na sa wani ƙaramin moter yana jan ta. A tsakiya na kafa bututu, bayansa fanka irin ta maƙera tana hura auduga daga wani bokiti. Sai ɗan ido na lantarki a gefen bututun. Za a kwantar da fatar 'yar tsana a kan bel da mazurari a bakinta, ta yi tafiya, idon ya gan ta, bel ya tsaya, fanka ta hura, bel ya ci gaba, ta faɗa kwando da ƙibarta.

Mai ba da duk wannan umarni shi ne wani ɗan akwati mai ruwan toka, bai fi sandar sabulu biyu ba. Sunansa otomat, shi ne ƙwaƙwalwar injin. Na samo shi a masana'antar da na yi istaj, wato koyon aiki, za su jefar na roƙa, na gyara shi da hannuna. A cikin ɗankwali nake naɗe shi a ƙasan akwatin kayana, kamar zinariya. Gwaggo ta kasa kama sunansa, ita dai "tumatinki" take ce masa.

Ranar Litinin na gwada a gabanta. 'Yan tsana goma suka wuce, goma suka faɗa kwando. Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce tubarkalla. Aibi ɗaya ne: injin bai san babba da ƙarama ba, daƙiƙa huɗu yake hura wa kowa. Babba ta fito kamar mai jinya, ƙarama kuma ta kusa fashewa. Na ce ba komai, gobe masu girma ɗaya kawai zan jera.

Da na tsaya a nan, da yanzu ba ni da labarin ba ku.

Talata da ƙarfe takwas na isa shago. Na tsaya ina kallon injin, sai na ga wayoyinsa sun yi cirko-cirko kamar gashin da ba a kitsa ba. Na ce haba, Madam mai tabarau ba za ta ga wannan ƙazanta ba. (Ba wanda ya aike ni. Ina so a rubuta wannan: ba wanda ya aike ni.) Na kwance su duka, na miƙar, na ɗaure da zare gwanin kyau, na mayar. Akwatin nan wuta kaɗan yake ci, ashirin da huɗu, ta cikin wani ɗan taransifoma. Wutar bango kuwa ɗari biyu da ashirin ce. Wayoyin biyu duk ja ne. Na kunna.

Ƙarar ba ta da yawa. "Ɗas," kamar an karya tsinken ashana. Wani siririn hayaƙi ya fito ta gefen akwatin ya miƙe sama a natse, sai wari.

Na kashe, na sake kunnawa. Na girgiza shi. Na hura masa iska da bakina. Na karanta duk addu'ar da na haddace, har da ta shiga kasuwa. Fitilunsa uku ba wadda ta ƙifta.

Gwaggo na kan keken ɗinkinta. Ta shaƙi iska ta ce, "Mi ke ƙauri?"

Na ce, "Tumatin ne, Gwaggo."

"Ya nuna ke nan?"

Ban iya dariya ba. Na zauna a ƙasa, salula a hannu, lambar Madam Ramatu na kallona. Abin da ya kamata in yi a fili yake, ko yaron goye ya sani. Amma sai na tuna babana ya gayyaci abokansa uku, waɗannan dai masu gorin. Na tuna innata ta gaya wa duk matan layinmu. Na tuna wata goma sha ɗaya. Ga azumi, ga zafi tun da safe, zufa na bin bayana. Na duba agogo, tara saura kwata. Na sake dubawa, tara da rabi, ban san inda sauran ya tafi ba.

Sai wani tunani ya zo mini, kuma ba daga wajen mala'iku ya zo ba. Moter lafiyarsa lau. Fanka lafiyarta lau. Ƙwaƙwalwa ce kawai ta mutu. Abin da ake bukata shi ne wani mai ido da hannu, ya kunna wannan ya kashe wancan a kan lokaci. Na ɗaga kai na dubi Gwaggo.

Ta ce, "Kallon mi kike yi mini haka?"

Na durƙusa a gabanta na zayyana mata. Ta saurara har ƙarshe, ta cire ƙafa daga kan keke.

"Ɗiyata, ni? Ƙarƙashin tebur? Da furfurata, da azumi a bakina?"

"Minti goma ne kawai, Gwaggo. Wallahi injin na aiki, ke shaida ce, jiya kin gani. Ba ƙarya ba ce, aron lokaci ne." (Ku ji fa. Har fatawa na bayar.)

"Ki kira matar nan ki ce ya ƙone. Ƙonewa ai ba zunubi ba ce."

Na fashe da kuka. Ba na dabara ba ne, na gaske ne, amma ya yi aikin da na dabara zai yi. Gwaggo ce ta raine ni ina jaririya lokacin da innata ta kwanta ciwo, ba ta iya ganin hawayena. Ta ce, "Kala suru, sai haƙuri. Zan ara miki hannuna. Amma bakina ban ara miki ba. Duk wanda ya tambaye ni, gaskiya zan faɗa."

Na ce na yarda. A raina na ce, wa zai yi wa tebur tambaya?

Cikin rabin awa na kafa makunni biyu a ƙasan tebur, na dama na bel, na hagu na fanka. Na zagaye teburin da atamfa har ƙasa, na kama da ƙusoshi. Akwai ɗan rami a katakon inda ƙulli ya fita, daidai kusa da bututu, ta nan za ta riƙa leƙe. Na shimfiɗa mata tabarma. Gwaggo ba ƙaramar mace ba ce, shigarta ta ɗauki lokaci da salati mai yawa. Muka gwada sau biyu. In na danna koren maɓalli na ce bismillah, sai ta fara. Maɓallin ba ya haɗe da komai a duniya.

Babana ne ya fara isowa da abokansa, suka jeru a kan benci. Maƙwabta suka cika ƙofa. Ya duba hagu da dama ya ce, "Ina Yaya Zali?"

Na ce, "Tana nan kusa, Baba." Na ji daɗin wannan amsa ƙwarai, don ba ƙarya a cikinta.

Sha ɗaya daidai sai ga Madam Ramatu da littafinta. Bayanta wani gajeren dattijo mai hula, da ɗan sukudireban gwada wuta a aljihun gaba. Shi ne Mushe Hamani. Ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar ba abin da ke jiransa a duniya. Ni kuwa idona na kan atamfar tebur.

Na yi jawabi. Na zuba faransanci iya ƙarfina, na nuna ido, na nuna bututu, na dafa gawar akwatin na ce ga ƙwaƙwalwa. Sannan na kwantar da 'yar tsana ta farko, na danna maɓalli, na ce, "Bismillah," da ƙarfin da bai dace da bismillah ba.

Bel ya tashi. 'Yar tsana ta yi tafiya, ta tsaya cak a ƙarƙashin bututu. Fanka ta hura, ta yi shiru. Bel ya ci gaba, ta faɗa kwando. Madam ta ɗauka ta matsa cikinta, ta gyaɗa kai, ta rubuta wani abu. Ta biyu, ta uku, ta huɗu. Sun ma fi na jiya kyau, ba rama ba kumburi. Ɗaya daga abokan babana ya ce, "Ikon Allah, Malam, ashe abin gaske ne." Babana ya gyara zaman hularsa. Na fara numfashi. Na ce a raina, biyu suka rage, in rufe taro.

Mushe Hamani ya tako a hankali zuwa buhun da Gwaggo ke tara fatun da ba a cusa ba. Ya zaro amarya, babbar nan mai tsawon kamu guda, ya kuma zaro wata 'yar mitsitsiya, ta goyo.

"A gwada waɗannan, Madmazel."

"Mushe, ai ba a daidaita shi da…"

"Ba komai. Mu ga halinsa."

Na kwantar da amarya. Na so in yi wa Gwaggo ishara ta ɓata aikin da gangan, amma ta yaya ake yi wa tebur ishara? Kuma ko da na iya, matar da ta shekara talatin tana wannan sana'a ba za ta saki 'yar tsana da yunwa ba. Fanka ta hura, ta hura, ta ɗan tsaya, ta ƙara kaɗan, kamar mai zuba miya tana duba malmala. Amarya ta fito ɓul-ɓul. Ta goyon kuma, "fuu" ɗaya aka yi mata, ta wuce daidai.

Mutanen ƙofa suka tafa. Mushe Hamani bai tafa ba.

"Ido ɗaya na gani a nan," ya ce. "Ta ƙaƙa ya san babba da ƙarama?"

"Porogaram ne, Mushe."

"A'a, to. Porogaram." Ya sunkuya ya dubi akwatin. "Fitilunsa ba sa ci."

"Na kashe su ne. Don tattalin wuta."

Ya dube ni, ya dubi fankar maƙera da ke shan wutar da ta fi ta gida biyu. Gumi ya gangaro mini cikin ido, ban iya sharewa ba. Sai ya cire hularsa, ya ɗora ta a kan bel.

"Danna."

Na danna. Bismillar ta fito kamar kukan kaza. Hula ta yi tafiya har gaban bututu. Bel ya tsaya. Shiru. Duk injin da aka ƙera a duniya, in idonsa ya ga abu, hurawa zai yi. Nawa ya tsaya yana tunani. Can sai bel ya ci gaba a hankali, ya kai hular bakin tebur, ya tsaya kafin ta faɗi ƙasa.

Mushe Hamani ya ɗauki hularsa ya mayar a kai. Ya ce, "Inji mai ladabi."

Babana ya ce, "Allahu akbar!" Da ƙarfi ya faɗa, yana duban abokansa. A duk ranar ba abin da ya soke ni kamar wannan kabbara.

Akwai abin da ban lissafa ba. Duk hurawar da fanka ke yi, auduga na tsira ta gefen mazurari, tana yawo a iska, tana sauka a hankali, tana bi ta ramin nan na katako. Daidai inda hancin Gwaggo yake. Ina tsaye jikin tebur sai na ji atamfa ta motsa a ƙafata. Sannan na ji wani jan numfashi, "haa… haa…"

Duk wanda ya zauna a layinmu ya san atishawar Gwaggo Zali. Awaki na watsewa in ta yi.

Na fara tari. Na ɗaga murya ina bayanin abin da ba wanda ya tambaya, wai nan gaba za a iya haɗa injin da hasken rana. Na ja kwando a ƙasa don ya yi ƙara. Na ce, "To, Madam, ina ganin mun…"

"HAA-TISHAA!"

Teburin ya yi tsalle. Hannun Gwaggo ya bugi makunnin hagu, fanka ta tashi ba mazurari a bakin bututu, duk audugar bokitin ta yi sama. Shagon ya yi fari fat. Ta sauka a kan tabarau ɗin Madam, a gemun abokan babana, a bakina da ke buɗe. Sai fanka ta mutu. Ba wanda ya motsa.

Cikin wannan shiru, daga ƙarƙashin injina mai aiki da kansa, wata murya ta ce, "Alhamdulillahi."

Abin da aka saba tun yarinta ba ya jiran izini. Benci guda na dattawa, da mutanen ƙofa, har da Madam Ramatu, suka haɗa baki: "Yarhamukallah."

Injin ya amsa, "Yahdikumullah."

Babana ya miƙe tsaye. "Yaya Zali?"

Na roƙi ƙasa ta tsage. Ƙasar Gaya ba ta tsagewa, na gwada. Mushe Hamani ya tattara rigarsa, ya tsuguna a gaban atamfa, gwiwoyinsa na ƙara. Bai ɗaga ta ba. Ya ƙwanƙwasa ƙafar tebur kamar mai shiga gidan mutane.

"Salamu alaikum, masu gida."

"Wa alaikumus salam."

"Ya ibada, Hajiya?"

"Alhamdulillahi, Mushe. Sai dai ƙafata ta sage. A taimaka a fid da ni."

Ni da babana muka jawo ta, shi hannu ɗaya ni ɗaya, bai dube ni ba. Ta fito fara tas tun daga ɗankwali har zane, ta miƙe da kyar, ta kakkaɓe, ta gaida baƙi ɗaya bayan ɗaya kamar daga ɗaki ta fito. Madam Ramatu ta cire tabarau tana gogewa ta ce, "Hajiya, me kike yi a ciki?"

Gwaggo ta dube ni. Na ga tausayi a idonta, amma ta riga ta gaya mini tun da safe.

"Tumatin ne ya ƙone, Madam. Ni ce tumatin."

Dariyar da aka yi, na tabbata masu jiran tsallaka gada sun ji ta. Wani abokin babana har da riƙe ciki yana cewa a bar shi haka, azuminsa zai karye. Mutum biyu ne ba su yi ba. Madam ta rufe littafinta. Babana ya saka takalmansa ya fita, auduga a kafaɗarsa, bai kakkaɓe ba.

Mushe Hamani ya zaro sukudirebansa ya buɗe akwatin, ya kai hanci.

"Ɗari biyu da ashirin kika ba shi?"

Na gyaɗa kai.

"Ni uku na ƙona a rayuwata," ya ce. Ya bi wayoyin da yatsa tun daga moter har ido. "Aikin nan mai kyau ne. Akwai irin akwatin nan biyu a kabad ɗina a makaranta, ƙura kawai suke sha. Da kin kira da safe, da na zo da ɗaya a aljihu."

Wannan magana ta fi mari. Sai Madam ta mayar da tabarau ta ce, ba tare da ɗaga murya ba, "Wanda ya ƙona akwati yau, gobe ya san wayarsa. Wannan bai dame ni ba. Amma in na ba ki aji, ranar da kika yi kuskure a gaban ɗalibai, wa za ki saka ƙarƙashin tebur?"

Ba ta jira amsa ba. Wani aka ba aikin.

A gida babana bai yi mini magana ba sai bayan an sha ruwa. Ya ajiye kofin kunu ya ce, "Ba ƙonawar ba ce. Yayata kika cusa ƙarƙashin tebur da azumi, ni kuma kika bar ni ina kabbara a gaban mutane." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na fi son da ya yi faɗa.

Washegari na koma shago don neman gafara, ina tafiya ina bin jikin bango. Gwaggo na zaune ta miƙe ƙafar da ta sage a kan buhu. Kafin in gama durƙusawa ta ce in tashi, ita ma tana da nata istigfarin. "Na ɗauka in baki bai faɗa ba shi ke nan. Ashe hannu ma yana ƙarya." Sannan ta miƙo mini tsinke da buhun auduga. Daga ranar har jajibirin sallah ni na cusa sauran 'yan tsanan, da hannu, ɗaya bayan ɗaya, a bakin ƙofa inda kowa zai gan ni. Mutane suka yi ta zuwa kallon teburin. Wasu har ɗaga atamfar suke yi su leƙa. Tun da sun zo kuma, kunya ta sa su saya. Gwaggo ta ce ba ta taɓa ganin sallar da kaya suka ƙare da wuri haka ba, ta tambaye ni ko baɗi ma akwai wani shiri.

Bayan sallah da mako biyu sai ga Mushe Hamani a kan tsohon babur ɗinsa, da akwati a aljihu kamar yadda ya ce. Muka haɗa tare, ya sa na ƙara ido na biyu a sama don injin ya riƙa gane tsawo. Ya yi aiki, ba kowa a ƙasa. Na je har gida na kira babana ya gani. Ya zo, ya ɗaga atamfa da kansa ya duba, sannan ya zauna. Bai yi kabbara ba, amma ya kai 'yar tsana ɗaya gida ya ajiye a kan rediyonsa. Aikin koyarwa kuwa sai bayan shekara biyu na samu, kuma Madam Ramatu ce dai ta sa hannu, bayan ta sa na maimaita mata labarin a gaban sauran malamai, wai don su san da wa za su zauna.

Abin da na koya, "na ƙona" kalma biyu ce, numfashi ɗaya ke fid da ita, kunyarta kuma ba ta kai azahar. Na guje mata na ɗauko wadda ake gadon ta. Wannan shi nake gaya wa ɗalibaina ranar farko, kafin su taɓa waya. Akwai kuma wanda ba na gaya musu, ku kaɗai zan gaya wa: in har shaiɗan ya rinjaye ka za ka ɓoye mutum a cikin inji, kada ka ɗauki wanda iyayensa suka yi wa tarbiyya. Ko ina ka saka shi, in aka yi sallama sai ya amsa.